Ya zare had-dis, bidiyon biki ya ɓace: laifin yaron ne?

Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne, ina da ɗan shago a Mabera. Akwai ɗan yayata da anka kawo mini daga Bodinga shekara biyu da sunka wuce don ya koyi sana'a. Ranar Juma'a munka ɗauki wani biki a Runjin Sambo, tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Da munka dawo na ce ya kwashe abin da ke cikin memorin kamara zuwa had-dis ɗin da nake tara ayyuka, wato faifan ajiya da ake jonawa da kwamfuta da waya, ni kuma na wuce gida. Da safe na tambaye shi, ya ce ya gama. Sai na yi fomatin ɗin memorin, wato na goge duk abin da ke ciki, na tafi wata walima da shi. Ranar Lahadi na jona had-dis, kwamfuta ta ce sai an yi fomatin kafin ya buɗe. Da na tsare yaron, ya ce shi dai ya ga koren layin nan mai nuna tafiyar kwafi ya cika, akwatinsa ya ɓace daga allo, dare ya yi yana tsoron ya rasa kabu-kabu, sai ya zare waya ya rufe shago. Malam, na mare shi, abin da ban taɓa yi ba. Yanzu uwar amarya kullum sai ta kira, ni ko ina ta ce mata ana editin. Na yi niyyar in mayar da shi ga uwarsa, in riƙe ɗan kuɗin da nake tara masa. Amma wani abokina ya ce zare waya ba ya ɓata komai a kwamfutocin zamani, wai ƙila wani abu daban yaron ya yi. Mi ne ne gaskiya? Kuma akwai dabarar ceto aikin?

Mai hoto, daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam Mai Hoto. Allah ya sanyaya maka, ya sa kaffara ce.

Kafin mu shiga neman mai laifi, akwai abu biyu da nake so ka yi tun ba ka ƙarasa karanta wannan amsa ba. Had-dis ɗin nan, kada ka kuskura ka danna fomatin ko da kwamfuta ta tambaye ka sau goma. Cire shi ka ajiye a wuri mai sanyi. Memorin kamarar kuma ka ciro shi, ka tura ɗan makullin nan na gefensa ƙasa ya kulle, ka sa shi a ambulan ka rubuta "kada a taɓa". Duk hoto ɗaya da ka ƙara ɗauka a kansa yana iya sauka daidai inda fuskar amarya take, ya shafe ta har abada. In ka yi waɗannan biyu, to dawo mu yi magana.

Yaron nan gaskiya ya gaya maka. Abin da ya bayyana ya isa ya jawo abin da ka gani, babu buƙatar a yi masa zargin wani abu a ɓoye. Abokinka kuma ya riƙe wutsiyar gaskiya ne ya bar kanta.

Ka taɓa kai saƙo tasha a kai maka Gusau ko Birnin Kebbi? Ɗan kamasho zai karɓi kwalin, ya rubuta suna da lambar waya a jikinsa, ka biya, ya ce maka je ka, saƙonka ya tafi. Kai ma ka juya hankali kwance. Amma kwalin yana nan cikin rumfa, yana jiran mota ta cika. Ba ha'inci ya yi maka ba, haka aikin yake, ba za a tayar da mota don kwali ɗaya ba. To haka kwamfuta take yi. A cikinta akwai ƙwaƙwalwar aiki da ake kira ram, mai saurin gaske, wadda take ɗaukar gigabait da yawa a daƙiƙa guda. Had-dis na waje da filash kuwa jakin kaya ne in an kwatanta su da ita. Tsohuwar ƙofar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, a takarda tana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, wato megabait 60, amma a aikace da wuya ka ga ta wuce megabait 30 zuwa 35. Ka lissafa da kanka: bidiyon gigabait 40 ta wannan ƙofa zai ci wajen minti 20. Ko ta USB 3.0 ta shekarar 2008, mai shuɗin harshe, had-dis mai juyawa yakan tsaya ne wajen megabait 100 da 'yan kai. Filash mai araha kuwa wani lokaci ko megabait 10 ba ya iya haɗiyewa.

Saboda wannan tazara, kwamfuta takan karɓi kayan ta zube su cikin ram, ta ce wa manhajar da ka yi aiki da ita an gama, sannan ta riƙa turawa a hankali ta bayan fage. Wannan zango na wucin gadi shi ne abin da masu harkar ke kira kash na rubutu. Yana da amfani ƙwarai. Shi ya sa ba ka zama kana kallon allo duk sanda ka adana ƙaramin fayil, kuma shi ke ba kwamfuta damar haɗa ƙananan rubuce-rubuce su tafi a mota ɗaya. Aibinsa ɗaya ne: abin da ke cikin ram yana raye ne muddin akwai wuta kuma hanya a buɗe take. Ka zare waya, kwalin da ke rumfa ba shi da inda za shi.

Kuma rumfar ba ɗaya ba ce. Shi kansa had-dis ɗin yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa a ciki, inda yake tsayar da kaya kafin allura ta rubuta su a kan faifai. Wutar da yake aiki da ita kuma ta cikin wannan wayar da yaron ya zare take zuwa. Saboda haka cikar koren layi tana nufin kaya sun bar hannun farko ne kawai.

Za ka ce, to in ɗan ƙarshen bidiyon ne bai isa ba, me ya sa had-dis ɗin duka ya ƙi buɗewa? Nan ne ainihin maganar, kuma mutumin Sakkwato ba zai sha wuyar gane ta ba. Ka san tsofaffin littattafan malamanmu na rubutun hannu, waɗanda ake ajiyewa cikin gafaka, ba ɗinkakku ba ne, waraƙa-waraƙa ne. Marubucin yakan sa kalma ɗaya a can ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba. Da wannan kalma ake gane wace waraƙa ke bin wace. Haka fayil yake a cikin had-dis. Bidiyon bikin nan ba dunƙule guda yake ba, gutsattsari ne dubbai, kuma akwai wani jadawali a wuri na musamman da ke cewa wannan gutsure na wane fayil ne, wane ke bin sa, ina ne babu kowa. Duk sanda aka kwafi sabon abu, sai an taɓa wannan jadawali, kuma sau da yawa gyaransa yana cikin abubuwan ƙarshe da ake yi. In waya ta fita ana tsakiyar rubuta shi, sai ya zama rabi sabo rabi tsoho. Kwamfuta ta duba ta kasa karantawa, sai ta ɗauka faifan fanko ne da ba a taɓa tsarawa ba, ta ce maka a yi fomatin. Waraƙun suna nan cikin gafaka. Tsarin jerinsu ne ya rikice. Shi ya sa na ce kada ka danna, kuma shi ya sa nake da kyakkyawan zato a kan aikinka.

Yanzu maganar abokinka. Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya sauya tsari. Daga Windows 10 zubi na 1809, wanda ya fito a ƙarshen 2018, kamfanin ya ce duk ma'ajiyar waje da aka jona za ta fara ne a kan tsarin da suka kira Quick removal (cirewa da sauri), wato Windows ba za ta tsayar da kaya a ram ba, kai tsaye za ta riƙa turawa. Ɗaya tsarin, Better performance, shi ne mai amfani da zangon, ya fi sauri, amma da sharaɗin sai ka nemi izini kafin ka cire. Da labarin ya bazu a 2019, mutane da yawa suka ɗauka an kashe maganar ijekt, wato danna neman izinin cirewa, gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Tsarin cirewa da sauri yana rage haɗari ne in babu abin da ake rubutawa a wannan lokacin, kuma idonka ba ya ganin duk abin da ake rubutawa. Manhajar editin tana iya ajiye ƙananan fayilolinta a kan faifan ba ka sani ba. Mai kashe bairos yana iya kasancewa yana bincike. 'Yar ƙwaƙwalwar cikin had-dis ɗin ma tana iya riƙe da saura. Sannan yawancin laftof ɗin da ke shagunanmu na hannu ne, wasu da tsohuwar Windows, wasu an taɓa musu saiti tun a hannun mai su na farko. Masu editin ma da kansu sukan mayar da shi kan Better performance don aiki ya gudu, su manta. Mai kwamfutar Apple ko Linux kuwa, nasa na tsayar da kaya a zango ne dama, shi ya sa Mac take yi maka faɗa a allo duk sanda ka zare ba sallama.

In kana so ka ga a kan wane tsari naka yake, jona wani filash ko had-dis mai lafiya, ka danna maus na dama a kan tambarin Start, ka shiga Disk Management. A ƙasa za ka ga faifan da lambarsa a gefen hagu. Danna dama a kai, ka zaɓi Properties, ka buɗe shafin Policies. Kowace ma'ajiya da nata saitin, saboda haka sai ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Shawarata ga mai shago a garin nan ita ce ka bar su a kan Quick removal, kuma duk da haka ka riƙa yin ijekt. Inda ake ɗauke wuta ba sanarwa, janareta ya yi tari ya mutu, ɗan saurin da za ka samu bai kai abin da za ka yi asara ba. Laftof tana da batir, amma babbar kwamfutar tebur da manyan had-dis masu nasu filogi, ɗauke wuta a wurinsu daidai yake da zare waya.

Ijekt ɗin nan da ake rainawa, sallama ce. In ka danna, Windows tana juye duk abin da ya rage a zango, ta umarci faifan ya juye nasa, ta duba ko akwai manhajar da ke riƙe da wani fayil, ta rufe jadawalin nan da alamar cewa an rabu lafiya, sannan ta ce maka kana iya cirewa. Duka bai fi daƙiƙa biyar ba in babu saura. In ka ga ya daɗe, to ka gode Allah, alama ce akwai kayan da da ka zare da sun zube.

Na taɓa ganin abin da idona, shi ya sa ba na wasa da shi. Wata shekara cikin zafin Afrilu, ina zaune a wani shagon buga takardu, wata ɗaliba ta kawo aikinta na kammala karatu a gyara mata shafuka. Mai shagon ya gama, ya adana a kan filash ɗinta, ta miƙa hannu za ta cire. Ina kallon 'yar jar fitilar da ke wutsiyar filash ɗin tana ƙyaftawa kamar idon ƙadangare, ba ta tsaya ba. Kafin in buɗe baki ta fizge, ta jefa a jaka, don mai kabu-kabu yana ta yi mata hon a waje. Bayan la'asar ta dawo, idanunta sun kumbura. Fayil ɗin yana nan da sunansa, amma girmansa sifili, ba ko harafi ɗaya a ciki. Abin da ya cece ta shi ne mai shagon bai goge kwafin da ya rage a kan kwamfutarsa ba. Tun daga ranar, in na ga hannu ya nufi filash alhali fitila na ƙyaftawa, ko ban san mutum ba sai na yi magana.

Ka koya wa yaron wannan ma da hannunsa. Ka jona had-dis mai lafiya, ka sa ya ɗora tafinsa a kai. Zai ji wata 'yar rawa a ciki kamar kyanwa na gurnani. Faifai ne ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti, allura kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ka yi ijekt yana riƙe, a yawancin had-dis zai ji rawar ta lafa har ta tsaya. Wanda ya taɓa jin wannan a tafinsa ba zai sake fizgar waya ba.

Wani lokaci za ka nemi sallama ta ƙi, ta ce ana amfani da na'urar. Kada ka yi fushi ka zare. Rufe manhajar editin, rufe mai kunna bidiyo, rufe duk tagar da ke nuna abin da ke cikin faifan, ka ɗan jira ka sake. In ta ƙi sam, kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan ka cire. Rufe murfin laftof ba kashewa ba ne, barci kawai ta yi.

To, ceto. Ka fara da had-dis, don a can ne na fi sa rai. Jona shi sau ɗaya ka kasa kunne. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, cire shi nan take, wannan ciwon ƙarfe ne, kuma duk kunnawar da za ka ƙara tana ƙara kankare faifan. Irin wannan sai masu kayan aiki na musamman, kuma kada ka bari kowa ya buɗe shi a kan benci cikin ƙurar garin nan. In kuwa yana juyawa shiru lafiya, wanda shi na fi zato, to jadawali ne ya rikice. Nemi wani had-dis da ya kai shi girma ko ya fi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar hoton faifan duka, gutsure bayan gutsure, ya juye a sabon, sannan ya yi gwaje-gwajensa a kan kwafin. Wannan ita ce tambayar da za ka auna shi da ita. In ya ce ba sai an yi haka ba, bari kawai ya yi sikanin ya gyara, ɗauki kayanka ka yi gaba. Akwai umarnin gyara na Windows mai suna chkdsk da masu gyara ke gaggawar bugawa. Yana da ranarsa, amma burinsa ya daidaita jadawali ne ko da zai yanke abin da bai gane ba. Sau da yawa yakan tara gutsattsarin cikin wata folda FOUND.000 da sunaye marasa ma'ana, ka rasa wane ne kamu wane ne ɗaurin aure. A bar shi sai an kwashe abin da za a iya kwashewa.

Akwai manhajoji biyu na kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta: TestDisk da PhotoRec. Ta farko tana ƙoƙarin gyara ko karanta tsarin faifan, in an dace sai ka ga foldodinka da sunayensu ka kwashe. Ta biyu ba ruwanta da jadawali, bin faifan take yi tana shinshina farkon kowane hoto da bidiyo tana tsamowa, sai dai sunayen ba sa dawowa. Hotuna sun fi sauƙin tsamowa. Dogon bidiyo da ya warwatsu a wurare daban-daban yakan dawo da rauni, wani ya buɗe wani ya ƙi. Ƙa'idar da ba a karyawa: duk abin da aka tsamo, a wani faifai daban ake zuba shi, ba a kan majinyacin ba.

Memorin kamara shi ne igiya ta biyu. Fomatin ɗin da yawancin kamarori ke yi jadawali kawai yake sharewa, kayan suna nan sai an rubuta sabo a kansu. Walimar da ka ɗauka ta hau kan wani sashe, wannan ya tafi. Amma in bikin Juma'a ya fi walimar Asabar tsawo, akwai yiwuwar ƙarshensa yana nan kwance, kuma ƙarshen nan shi ne kai amarya, abin da uwa ta fi so ta gani. In an haɗa abin da aka samu nan da na can, ba mamaki a fitar da bikin kusan cikakke. Ban yi maka alkawari ba, amma ƙofar ba ta rufe ba.

In Allah ya sa an kwashe komai, sai a sake tsara had-dis ɗin. In da Windows kaɗai kake aiki, a yi shi da NTFS. Wannan tsari yana da ɗan littafin da yake rubuta niyyarsa kafin ya taɓa jadawali, saboda in an katse shi ya san inda ya tsaya ya gyara kansa. Ba ya dawo da fayil ɗin da bai ƙarasa isa ba, amma da wuya faifan duka ya kulle. exFAT, wanda had-dis da manyan memori da yawa ke zuwa da shi don yana aiki a Windows da Mac, ba shi da wannan littafi, FAT32 ma haka, ga shi ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Sai ka kula da wayar ma. Ƙurar hunturu tana cika ƙofofin USB, bakin waya yana sakwarkwacewa, kuma wayar da ke motsi tana iya yi maka abin da yaron ya yi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Kada kuma a bar had-dis cikin akwatin mashin a rana, a garin da zafi ke haura digiri 40.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ba za ka so ji ba, Malam, don ka tambaye ni gaskiya. Hannu biyu ne suka ɓatar da bikin nan. Na yaron ya zare waya. Naka ya yi fomatin ɗin memori ba tare da ka buɗe ko bidiyo ɗaya ka gani ba. Da ka jona had-dis ɗin ranar Asabar da safe, minti biyu kacal, da ka ga ya ƙi buɗewa alhali komai na nan cikin kamara, da yanzu ba ka rubuto mini ba. Daga sanda ka goge memorin, bikin ɗiyar mutane ya koma rataye da igiya ɗaya. Kuma a cikin wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa zaunar da shi ka nuna masa yadda ake ijekt ba. Ina kyautata zaton ma ya sha ganin kai kanka kana zarewa in kana sauri, ba abin da ya faru. Haka abin yake, sau ɗari za ka zare lafiya, shi ya sa mutane ba sa yarda, sai ranar da ta faɗo kan aikin da ba a maimaitawa. Ga shi ka bar yaro shi kaɗai a shago tsakar dare bayan yinin aiki, da tunanin yadda zai kai gida. Bai ɓoye maka ba da ka tambaye shi. Yaron da ke faɗin abin da ya yi alhali ya san mari na iya biyo baya, ba a samun irinsa kullum.

Saboda haka kada ka mayar da shi, kuma kada ka taɓa kuɗinsa. Mutanen biki da kai suka yi ciniki, ba da shi ba, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya sananne ne cewa mai sana'a shi ke ɗaukar lamunin aikin da aka damƙa masa. Kira shi ku biyu, ba a gaban abokan shago ba, ka ce masa ka yi kuskure da ka ɗaga masa hannu. Girman kawu ba ya raguwa da wannan. Ka kira yayarka ma ka gaya mata da bakinka kafin labarin ya isa Bodinga ta wani bakin. Sannan ka tafi da shi wurin mai gyara, ya zauna ya ga yadda ake tsamo fayil ɗaya-ɗaya, ya ga awoyin da abin ke ci.

Daga yau ku kafa doka a shagon, ta hau kanka kafin ta hau kansa. Ba a goge memori sai aikin yana wuri biyu daban, kuma an buɗe bidiyon farko da na tsakiya da na ƙarshe an ja su an gani. Kwafi ake yi, ba yankewa a liƙa ba. Ka ƙara sayen memori ko biyu don kada walimar gobe ta tilasta maka goge bikin jiya, kuɗinsu bai kai na ɗaukar biki ɗaya ba. Sabon da ka saya kuma ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka ba shi amana, don akwai na jabu a kasuwa da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, kuma ɓarnarsu tana kama da wannan.

Saura Hajiya uwar amarya. "Ana editin" ɗin nan ka daina shi yau. Kowace rana da ka ƙara, kana mayar da tsautsayi ya zama ƙarya, kuma tsautsayi ana yafe shi da sauƙi fiye da ƙarya. Kada ka yi ta waya. Sa rigarka ka je gidan bayan la'asar, in da hali da wani babba da suke jin nauyinsa. Ka ce mata na'urar ajiya ta sami matsala, ana ƙoƙarin ceto, kuma ka yanka mata rana, mako ɗaya ko kwana goma, da za ka dawo da amsa ko mai daɗi ko marar daɗi. Kada ka ambaci yaron. Ka ce in ba a samu ba za ka mayar da kuɗi, in an samu rabi za ku daidaita. Sannan ka roƙe ta alfarma ɗaya tun yanzu: ta sa ƙawayen amarya da 'yan uwa su turo duk abin da suka ɗauka da wayoyinsu kafin su fara gogewa don neman wuri. Ka ce su turo ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, don kada ya matse su ingancin ya zube, ko kuma yaron ya zagaya gida-gida da laftof da waya ya kwaso. Bikin yanzu ba ya rasa waya ashirin a sama, kuma da hannun mai editin irinka za a iya cike gurbin da ya ɓace da su.

In ka jona had-dis ɗin ka saurara, rubuto mini abin da ka ji, da girman memorin, da tsawon abin da ka ɗauka a walimar. Da waɗannan uku zan iya gaya maka ta inda mai gyaran ya kamata ya fara.